Malam Sada Na Neman Laifinsa

A unguwar Ƙofar 'Yandaka, in ana maganar mutumin da mutuwa ta nema har ta gaji, ba a kiran sunan kowa sai Ɗantsoho mai rijiya. Rijiya ta taɓa ruftawa da shi a Batagarawa, aka tono shi bayan mata sun fara koke-koke a gidansu, ya buɗe ido ya ce a dama mashi fura. Babbar mota ta kife da shi a hanyar Jibiya, ya fito ta ƙarƙashin buhunan wake yana kakkaɓe riga. Shekarar da amai da gudawa ya shiga layinsu, shi ya riƙa ɗaukar makara safe da yamma, ko ciwon kai bai yi ba. Karatu kau, abin da zai yi salla da shi kaɗai ya sani, boko ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Amma ya ga duniya ta sama, ya gan ta ta ƙarƙashin ƙasa, kuma ba kowane mai rawani ke iya faɗin haka ba. Yanzu masu injin burtsatse sun karɓe sana'ar, shi ma ya tsufa, sai dai har gobe ba ya dogara sanda, kuma da haƙoransa yake ɓare rake.

Taubashinsa Malam Sada wani irin mutum ne daban. Uwar Ɗantsoho da uban Sada ciki ɗaya suka fito, su biyun kuma tsakar gida ɗaya suka yi rarrafe. Sada ya yi boko, ya kama aiki a ofishin filaye har ya yi ritaya. Kujera ce da mutum zai iya tashi daga kanta da unguwa guda in ya ga dama. Sada ya tashi da gidan gadon ubansa da wani tsohon babur mai tari. In an yi rasuwa shi ne farkon zuwa maƙabarta. Marayun ƙanensa a gabansa suka girma har ya aurar da su. In maƙwabta suka yi rikici kan katanga ko magudanar ruwa, ba a zuwa wurin mai unguwa sai an ce a fara kiran Malam Sada.

Tau wannan bawan Allah ne duniya ta sa a gaba. Babban ɗansa Nabil ya rasu a hatsarin mota, lallen amaryarsa bai gama gogewa ba. Ba a daɗe ba ciwon suga ya kama shi. Sai kuma ranar da aka yi gayyar yashe kwatar ƙofar masallaci kafin damina ta faɗi, ya tuɓe takalmi ya shiga cikin matasa, fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa. Ɗan yanka ne wanda Ɗantsoho da tofa mashi yawu zai yi ya wuce. A jikin mai suga kau sai ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, yatsu suka fara baƙi. Da aka kai shi asibiti likita bai ɓoye masu ba. Ya ce sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma ba da jinkiri ba, in ba haka ba ciwon zai hau ya shiga jini, rai ya tafi.

Sada ya yi godiya, ya ce a mai da shi gida.

Kun san yadda muke dubiya a garin nan. Mutum ya shigo ya durƙusa, ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah ya ƙara sauƙi, sannan ya rufe da Allah ya sa kaffara ne. Magana ce mai kyau, kowa na faɗinta, ba mai tsayawa ya auna ta. Shi kau Sada mutum ne mai auna magana kamar yadda yake auna fili. Kuma wanda ya yi wa rabin Katsina alheri, rabin Katsina ne zai zo duba shi. Daga hantsi har magariba kalmar nan yake ji, daga bakin alhazai, daga bakin masu tura ruwa, daga bakin tsofaffin mata. Sai ya zauna ya yi nasa lissafin. Ba a kaffara sai da laifi. Ciwon da ya kai wannan, bayan ɗa da aka ɗauke, laifinsa ba ƙarami ba ne. Kuma tun da Allah mai gafara ne ga abin da ke tsakaninsa da bawa, lalle wannan haƙƙin wani mutum ne da ya danne ya manta. Ya rantse ba mai taɓa ƙafar nan sai ya gano wanda ya zalunta ya roƙe shi gafara, don kada a yanke mashi kaffara tun ba ta cika ba, ya je lahira da sauran kaya a ka.

Daga nan aka shiga aike. Ya sa aka kira tsofaffin abokan aikinsa, aka kira maƙwabta, aka kira tela, aka kira mai gyaran babur, har wani ƙato mai 'ya'ya da ya taɓa ja wa kunne yana yaro don ya jefi kare. Kowa ya zo, Sada ya kama hannunsa ya ce ya yafe mashi. Kowa kuma amsa ɗaya yake bayarwa, wadda muka gada: haba Malam, ba ka yi mana komai ba, in ma ka yi mun yafe duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Su a ganinsu sanyaya mashi rai suke yi. Shi kau duk wanda ya faɗi haka ya fita, sai ya ƙara dulmiya, don ba a kai ga mai haƙƙin ba ke nan.

Liman Rilwanu ya zo ya zauna da shi tun bayan la'asar. Malami ne na gaske, kuma ya yi magana mai kyau. Ya ce annabawa sun fi kowa shan wuya kuma ba su da laifi, ya kawo mashi labarin Annabi Ayuba, ya ce neman magani ba gudun hukuncin Allah ba ne. Sada ya saurara kansa a sunkuye, da aka gama ya ce, "Allah ya gafarta Malam, su annabawa ne. Ni wane ne da za a gwada ni irin gwajinsu?" Liman ya fito yana share ido da gefen rawani.

Ɗantsoho kullum yana leƙowa, ya yi tsiyarsa ta taubasantaka ya tafi, bai sa baki ba, don a ganinsa inda liman da likita suka yi magana an gama. Sai wata safiya Hajiya Fatsuma, matar Sada, ta aika a kira shi.

Ya same ta a tsakar gida gindin dalbejiya tana wanke tsummokaran da ake ɗaure ƙafar. Mace ce mai jiki da fara'a, amma ran nan zanen jikinta sai da ta ninka shi kafin ya ɗauru. Suka gaisa, ya kwanan mai jiki, ya gajiya, ya haƙuri. Ba ta bari gaisuwar ta yi tsawo ba.

"Ɗantsoho, ɗan'uwanka zai kashe kansa da ladabi."

"Ya kwana?"

"Zazzaɓi ya kama shi jiya. Baƙin ya wuce idon sawu, ni ke wankewa, ni ke gani. Ɗiyarmu Rashida ta zo da mijinta, motar na nan ƙofar gida tun shekaranjiya, ya ce ba ya shiga. Kowa ya yi magana. Kai kaɗai ne ba ya iya kora."

Ɗantsoho ya tauna goronsa ya dubi ƙofar ɗakin. "Laifi yake nema, ko ba haka ba?"

"Shi yake nema."

"Tau a ba shi laifi mana. Mutum na neman abu, gari guda an hana shi. In ya samu ya roƙi gafara, a yafe mashi, ya shiga mota."

Ta tsaya da wankin. "Ƙarya za ka yi mashi?"

"Hajiya, masu hassada sun daɗe suna cewa labaraina akwai ƙari. Yau ranar amfanin ƙarin ce."

Ta mai da hannu cikin ruwa.

Tsakanin dalbejiya da ƙofar ɗakin Ɗantsoho ya ƙera laifin. Ya duba sata, ya ga ba mai yarda. Ya duba zancen mata, ya tuna Hajiya na jin su. Sai ya ce ai mutumin da ya yi aikin filaye, laifin fili ne zai zauna mashi daidai kamar hula. Ya ji daɗin dabararsa ƙwarai, har ya gyara wuyan riga.

Ɗakin na ƙamshin turaren wuta, amma turaren bai iya rufe abin da aka sa shi ya rufe ba. Ba wuta, fanka tsaye. Sada na kwance, ƙafar bisa matashi an lulluɓe ta da farin ƙyalle, carbi a hannu, fuska ta zabge.

"Sada, ashe kana nan. Na ji shiru, na ce bari in zo in zaɓi hula tun 'yan gado ba su taru ba."

"Wannan kan naka mai kama da tulu, wace hulata za ta shige shi?" Muryar ta yi ƙasa, amma tsiyar na nan. "Zauna, ɗan rijiya."

Ɗantsoho ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna, ya haɗe fuska. "Magana ke tafe da ni. Kowa ka kira ka roƙa, har mai gyaran babur. Ni ba ka kira ni ba."

"Kai da kullum kana nan? Tau ka yafe mani."

"Zan yafe. Amma ba irin yafiyar mutanen nan ba, ta rufe ido. Sai ka ji abin da ka yi mani."

Carbin ya tsaya. Idon Sada ya kawo haske irin wanda ba a gani ba tun da ya kwanta. "Akwai?"

"Akwai. Na riƙe shi a ciki don zumunta."

"Faɗa mani, don girman Allah. Kada ka rage komai."

Ɗantsoho ya gyara murya. In ana batun tsara labari, a Katsina kaf ba a haifi na biyunsa ba. Ya ce shekarar da aka yanka filaye a hanyar Batagarawa, sunansa ya fito, fili mai kyau a bakin titi, har ya je ya gani ya kafa ƙaya. Ya ce sai wani Alhaji mai shagon taya ya bi ta bayan gida da rago, ƙato, fari mai baƙin kunne. Washegari aka goge sunan Ɗantsoho aka sa na Alhaji. Ya ce da idonsa ya ga ragon ɗaure a zauren gidan nan yana cin harawa, ya koma gida ya yi kuka.

Ɗantsoho na jiran hawaye da roƙon gafara. Sai ya ga mutumin da sai an tallafe shi yake juyawa ya dafa katifa da hannu biyu ya tashi zaune.

"Ni?"

"Kai."

"Rago?"

"Mai baƙin kunne."

"Ɗantsoho, ka ji tsoron Allah. Shekarar da aka yanka filayen nan an mai da ni Funtuwa, ko gari ba na nan. Kuma kai ka taɓa neman fili? Ni na bi ka har gida in nema maka, ka ce ƙasa ba ta burge ka, ka san abin da ke cikinta." Murya ta fara tashi, jijiyar wuya ta miƙe. "Tun ranar da na shiga aikin nan har na fita, ko ƙwan zabo ban karɓa a hannun ɗan Adam ba. Wani ya taɓa aje mani buhun shinkafa a zaure da dare, a bayan babur na ɗaure shi na mayar mashi gaban mutanensa. Ni za ka ɗaura wa rago? A zauren ubana?"

Ɗantsoho ya ga ginin da ya yi ya rushe tun daga tushe. Wani da kunya za ta kama shi. Shi kau dariya ta kece mashi har ya dafa bango.

"Ashe ka san kanka. Gari guda ka tara kana neman laifi, an kawo maka har gado, ka ce ba naka ba ne."

"Don ba nawa ba ne."

"Tau wanne ne naka? Ka yi wata kana tono. Ni na san tono, Sada. In ka kai inda ka kai ba ka ga ko danshi ba, babu ruwa a wurin."

Sada ya koma ya kwanta a hankali, ƙarfin da fushi ya ara mashi ya tafi. Da ya yi magana, ba da taubashi yake yi ba, da ɗan'uwa yake yi.

"Ka bar ni in sami laifin nan. In na same shi na huta, na san abin da ake bi na. In kau babu, tau Nabil hwa? Yaron da bai taɓa ɗaga mani murya ba. Ƙafar nan kuma a ƙofar masallaci na same ta, ba a gidan giya ba. In babu laifi, zuciyata za ta fara tambayar abin da bai kamata bawa ya tambaya ba. Ina jin tambayar tana motsi, ina danne ta. Gara in mutu mai laifi da in rayu ina tuhumar Ubangijina."

Nan Ɗantsoho ya daina dariya. Ya fiddo sauran goron bakinsa ya jefa ta taga. Ya ga ƙasan rijiyar ke nan.

"Ni ban yi karatu ba, amma abin da na gani ba a littafi na gan shi ba. Na haƙa rijiya a gidan wani mai cin dukiyar marayu, ban kai tsayina biyu ba ruwa ya ɓullo, garai-garai kamar a sha da zuma. Na haƙa a gidan wani malami da ko ƙuda ba ya kashewa, muka yi ta fama da dutse har dagi ya lanƙwashe, muka tashi ba ɗigo. Ranar da mota ta kife da mu, wani dattijo ne ya ga rana na dukana ya ce mu yi musayar wuri. Shi ya mutu a wurina. Wani ɓarawon awaki da ke cikin motar ko ƙwarzane bai yi ba, har ya tsere da agogon direba. In da ciwo awon hali ne, da tuni an san mutanen banza a titi, duk da sun ruɓe."

"Wannan ai shi ne abin da ke ba ni tsoro."

"Tsaya tukuna. Ka tuna ubangidana Gwadabe, wanda ya koya mani sana'a? Mu da yawa ne a hannunsa. In an sami rijiya mai sauƙi, sai ya tura ragwaye. In kau aka ce tsohuwa ce, bakinta na zubowa, ko an ce akwai maciji, ba ya duban kowa sai ni. Ina yaro na ɗauka ƙina yake yi. Ashe don ni ne namiji a cikinsu. Ba a sa ruɓaɓɓiyar igiya a rijiya mai zurfi."

Sada ya ɗan murmusa. "Ko a nan sai ka yabi kanka. Amma misalinka bai tsaya ba. Gwadabe na bukatar rijiya, dole ya tura wani. Allah ba ya bukatar komai. Me zai yi da ƙafata?"

"Ban sani ba."

"Ka gani."

"Na ce ban sani ba, ban ce babu ba. Liman ma bai sani ba, da ya sani da ya faɗa maka. Kai ba ka taɓa shiga rijiya ba, shi ya sa. In kana can ƙasa, sama duk girmanta ba ta fi faifai ba. Gwadabe na bisa, yana ganin hadari, yana ganin tsagar da ta fito a baki, yana ganin abin da ba ka gani. Sai ya ce ci gaba, ko ya ce bar nan koma can, ba ya tsayawa yi maka bayani. In ka fito ka gani da idonka. Kai kana ƙasa tukuna, kana son a ba ka labarin sama. Ba tuhuma ba ce ka ce ban gane ba. Ni da na kwana ƙarƙashin ƙasa a Batagarawa na tambaya, na ce ya Allah me ya yi zafi. Ba a amsa mani ba, kuma ba a kashe ni don na tambaya ba. Ga ni ina cin tuwo."

Carbin bai koma tafiya ba, Sada na saurare.

"Abu ɗaya ne Gwadabe ba ya yafewa. In numfashi ya fara ɗauke maka a ƙasa, ka girgiza igiya a jawo ka. Wanda ya ƙi girgizawa don a ce mashi jarumi, dole wani ya shiga ɗauko shi, sai a fito da gawa biyu. Na ga an yi."

"Ni ba wanda zai shiga bayana. Raina ne, ƙafata ce."

"Haka ka ce?" Ɗantsoho ya juya wajen ƙofa. Ya daɗe da ganin inuwa a ƙasan labule. "Hajiya, shigo da ruwan nan, kada ya huce."

Ta shigo da kwano a hannu da tsumma a kafaɗa, ta aje a gefen gado.

"Sada, har wanda ka ja wa kunne don kare ka kira. Wannan baiwar Allah ka roƙe ta?"

Sada ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Gaskiya bai roƙe ta ba. Ba raini ba ne, mutum ba ya tuna roƙon hannunsa na dama. Ya ga yadda wuyanta ya rame, ya ga hannun da sabulu ya cinye. Ya miƙa nasa hannun.

"Hajiya, zaman da muka yi mai tsawo ne. Duk abin da na yi maki, na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mani."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba in za ta yi mashi magana. Ɗantsoho ya san amsar da ke tafe, don ita ce amsar kowa, har ya fara neman wata dabara a ransa.

"Ban yafe ba, Malam."

Ko Ɗantsoho da ya ga abubuwa a duniya bai taɓa jin an faɗa wa mara lafiya haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba.

"Tun da aka kawo ni gidan nan ban riƙe ka da komai ba, Allah ne shaida. Na baya duk babu. Amma wannan na riƙe. Nabil da aka ɗauke, ba kai kaɗai aka ɗauke wa ba, ni na haife shi, kuma ba a tambaye ni ba, na yi haƙuri. Kai kau an tambaye ka. An ce ga hanya, ka ce a'a. Safe da yamma ina buɗe ƙafar nan ina ganin inda baƙin ya kai, in rufe in fito in yi wa baƙi murmushi. Kana neman wanda ka zalunta a shekarun baya, ga ni a gabanka, yau da safen nan ma ka yi. In kana son yafiyata, tana asibiti. Can za ka same ta."

Ta jawo kwanon, ta yaye ƙyallen, ta fara wanki kamar ba ita ta yi maganar ba.

Sada ya juyo da ido wurin taubashinsa. "Kai ka kitsa mata."

"Wallahi ba ni ba ne. Ni tawa ta rago ce, ka ga yadda ta ƙare. Wannan ta fi ƙarfina."

Ruwa na ɗiga cikin kwano, a waje mai gwanjo na wucewa yana kira. Sada na kallon kan matarsa da ke sunkuye, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Ya nemi laifi wata guda, ga shi an aje mashi, na gaske, mai shaida, kuma mai haƙƙin ta faɗi abin da za ta karɓa. Mutum irin Sada ba ya iya kwana da wannan.

"Mijin Rashida na nan?"

"Yana zaure," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"A ce ya matso da motar bakin ƙofa. Ɗantsoho, ba ni hulata. Ba waccan ba, kai dai idonka na kan waccan."

Ɗantsoho bai jira a kira matasa ba. Ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuya, ɗaya ƙarƙashin cinya, ya ɗauki taubashinsa cak kamar guga, ya ratsa tsakar gida da shi ya fita ta zaure, mutanen layi na kallo. Duk wanda ya ce tsufa ya taɓa shi, ya tambayi waɗanda suka ga ranar nan.

A ranar aka shiga da shi tiyata. Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da ba ƙafa ake magana ba. Washegari da hantsi Ɗantsoho ya shigo ɗakin jinya da ledar lemo, ya tarar Sada ya farfaɗo, Hajiya na mashi fifita, bargo ya kwanta shafal daga gwiwar dama zuwa ƙasa.

"Ta yafe?" in ji Ɗantsoho.

"Ta ce tun ina shiga mota. Ta bar ni dai na kwana da fargaba."

"Maganinka ke nan."

Sada ya dubi inda bargon ya kwanta, ya daɗe. "Har yanzu ban san dalili ba, ɗan rijiya."

"Ni ma haka. In ka riga ni sani ka aiko mani." Ya duba ko'ina bai ga kujera ba, sai ya dafa ƙarshen gadon ta dama. "Bari in zauna nan. Dā kai kaɗai ke cinye gado, yanzu an samu wuri."

Hajiya ta rufe baki da mafici. Sada ya yi ƙoƙarin ɓata rai, abin ya ƙi, dariya ta ƙwace mashi har ɗinkin ya motsa, yana dariya yana cije leɓe, sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce in tsohon nan bai bar mara lafiya ya huta ba za ta sa a fitar da shi.